Kwana Talatin da Uku a Kan Nama Zalla

Da sunan Allah nake farawa, Mai ba da lafiya bayan an fid da rai.

Sunana Hamisu, manomin masara ne ni a Tsiga, shekaruna hamsin da takwas. Karatun boko a aji uku na sakandare na tsaya, don haka wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri. Na rubuta wannan ne domin tun da aka sallamo ni daga asibiti kowa da labarin da yake bayarwa a kaina. Wani ya ce jifa aka yi min, wani ya ce naman layyata ne ya lalace. Babu ko ɗaya. Zan jera abin yadda ya faru, mako bayan mako, saboda masu ciwon suga irina, da kuma magidanta masu saurin baki.

Akwai abu biyu da mai karatu zai riƙe tun farko. Na ɗaya, shekara huɗu ke nan ina da ciwon suga, ina shan ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Na biyu, matata Rabi, wadda muka yi shekara talatin da ɗaya tare, igiya ɗaya ce ta rage a tsakaninmu. Biyu ni na tsinke su da bakina, ɗaya muna da ƙuruciya, ɗaya shekara goma sha biyu da suka wuce, duk a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kowa a danginmu ya san haka, kuma ni na fi kowa sani.

Mafari

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah na kai masara kasuwa a Funtua, na haɗu da Alhaji Mati, mai sayen hatsi yana kaiwa Kudu. Na san shi ƙato, a ranar sai na gan shi riga tana yawo a jikinsa.

Ya ce, "Malam Hamisu, har yanzu kana haɗiyar ƙwayoyin nan?"

Na ce, "Ina haɗiya, Alhaji. Kai kuma wa ya sace maka tumbi?"

Ya yi dariya ya ciro waya, ya nuna min wani Bature yana magana an ɗora masa muryar Hausa. Ya ce, "Hatsin nan da kake nomawa shi ne ciwonka. Ka bar tuwo, ka bar koko, ka bar fura, ko ganye kada ka taɓa. Nama, gishiri, ruwa. Kwana arba'in kawai, ka zo ka ba ni labari."

Tambaya ɗaya ce ban yi masa ba, wato ko shi ma yana da suga kuma yana shan magani. Daga baya na ji ba shi da shi. Ƙiba ce kawai take damunsa.

Mako na farko

Ran Sallah na fara, don na ga nama ya samu. Rabi ta soye ragon layya da gishiri sosai yadda ba zai lalace ba, ta cika kwalla. A al'ada naman nan yakan kai mu wata biyu ana tsintar miya da shi. Ni kaɗai na tashi da shi a kwana tara.

Kwana uku na farko kaina ya yi ta sarawa, gwiwoyina suka yi sanyi, bakina ya ɗauki wani wari har na riƙa kawar da kai a sahun salla. Amma ƙwayata ban taɓa tsallakewa ba. Ni mutum ne mai bin ƙa'ida, abin da likita ya ce a sha da safe, da safe nake sha. A lissafina na haɗa magani biyu ne, sauƙi zai zo ninki biyu.

Ran kwana na bakwai na je kemis aka soki yatsana aka gwada. Mai kemis ya ce sugana ya sauka, bai taɓa ganin ya yi kyau haka ba. Na dawo gida ina jin na fi likitoci dabara.

Mako na biyu

A nan matsalar gida ta shigo. A wajenmu, magidancin da ya mayar wa matarsa kwanon abinci a rufe bai taɓa ba, magana ya yi mata. Kullum Rabi ta tuƙa tuwo ta ajiye min, kullum ya koma yadda ya zo. Da naman layya ya ƙare sai na koma teburin Tanko mahauci, mutane suna ganina safe da yamma. Mata suka fara tambayar Rabi a wajen injin niƙa, wai me ta yi wa Malam ya daina cin abincinta. Maganar ta kai kunnen yayata Hansai, wadda gidanta yake bayan namu, ta zo bin ba'asi.

Ran kwana na goma sha biyu na dawo daga noman firi, wato noman farko, da la'asar. Kwana biyar ke nan cikina a ɗaure ban zaga ba, jikina kamar an yi min duka. Na tarar da kwano a kan tabarmata. Na buɗe, tuwon masara ne da miyar kuka, man shanu yana narkewa a kai. Ban san lokacin da na wanke hannu ba. Sai da na kai loma ta biyar na tsaya.

Na ce, "Rabi, wa ya ce ki ajiye min wannan?"

Ta ce, "Malam, inda na saba ajiyewa na ajiye. Ban ce ka ci ba."

Yaya Hansai tana zaune a bakin madafa tana tsinkar zogale. Ta yi dariya ta ce, "Ai ba ita ta sa maka a baki ba. Ci abinka, Hamisu. Kai kura ne da za ka rayu a kan nama?"

Dariyar nan ce ta ƙona ni. Haushin kaina nake ji, amma ban sauke shi a kaina ba. Na ture kwanon, na ce, "Yau kwana goma sha biyu, saura ashirin da takwas. Idan kika ƙara miƙo min wani abu na hatsi ko na zaƙi kafin su cika, a bakin aurenki."

Yaya Hansai ta ajiye faifan, ta ce, "Inna lillahi. Hamisu, ka san nawa ta rage kuwa? Janye maganar nan yanzu."

Na ce na sani. Na kuma san irin wannan magana ba ta janyuwa, ta fita ta fita. Rabi ta ɗauki kwanon ta shiga madafa. Washegari na ga ta ja layi ashirin da takwas da gawayi a bangon madafar, kullum da safe ta goge ɗaya. Tun daga ranar ko kofin koko za ta kai wa baƙo, sai ta zagaye inda nake zaune.

Mako na uku

Nama kullum ba abin talaka ba ne. Na fitar da buhun masara biyu da na ware don takin zubi na biyu, na sayar. Tanko ya ga aljihuna ya fara nauyin fita, sai ya riƙa haɗa min da kayan ciki, hanta da ƙoda da tumbi, don sun fi sauƙi.

Wata rana yana yanka min ya ce, "Malam, ni da nake kwana cikin nama, da tuwo nake buɗe baki. Ko so kake ka gaje min tebur?"

Na ce ya yi aikinsa.

A tsakiyar makon nan na tashi da babban yatsan ƙafar dama ya kumbura, ya yi ja, yana ƙyalli. Ko gefen zane ya taɓa shi sai na ji har cikin kaina. Takalmi ya gagara, gona ta gagara, ga maimai, wato noma na biyu, ya zo, dole na sa 'yan ƙwadago.

Masu ba da shawara suka yi layi. Yaya Hansai ta ce sanyi ne, a gasa da ruwan zafi. Maƙwabcin gonata, tsoho Nomau Bamaguje, ya zo da sassaƙe a ƙulle, ya duba ƙafar, ya ce shi dai a iya shekarunsa bai taɓa ganin manomin da ya yi gaba da rumbunsa ya wanye lafiya ba. Wani ya ce na taka sammu a hanyar gona. Na kira Alhaji Mati, ya ce, "Alhamdu lillahi, dafin hatsi ne yake fita ta ƙasa. Ka daure, kada ka karya." Maganarsa na ɗauka, don ita ce ta yi daidai da abin da nake so in ji. Na sayi maganin kashe zafi a kemis, ina shan biyu biyu, sau uku a rana, wani lokaci sau huɗu.

Mako na huɗu

Da ƙafa ta ƙi, na tafi wani asibiti a Funtua. Ana idar da sallar asuba na hau mota, amma na tarar mutane sun riga ni. Layin kati daban, layin awon jini daban, layin ganin likita daban, ni kuma ina ɗingishi da sanda. Benci ya cika, muka zauna a ƙasa. Sai wajen ƙarfe biyu na shiga. Likitan ya gaji, na gani a fuskarsa. Ya duba yatsan, ya tambayi ko ina da suga, na ce e, ina shan magani. Ya rubuta gwajin jini da na fitsari. Bai tambaye ni abin da nake ci ba, ni kuma ban faɗa ba, don na san zai hana ni. Da na isa ɗakin gwaji an tashi, aka ce in dawo Litinin. Ban koma ba.

Da na dawo gida Rabi ta ce, "Malam, ka gaya masa abin da kake ci?"

Na ce, "Ƙafa na kai masa, ba ciki ba."

A makon nan wani sabon abu ya ɓullo. Da hantsi, kamar awa biyu bayan na sha ƙwaya, sai gumi ya karyo min, hannuna ya kama rawa, zuciyata tana bugawa, ina ganin abu ɗaya ya zama biyu. In na kwanta na ɗan lokaci sai ya lafa. Fitsarina ya ragu, ya yi duhu. Na rame har wandona sai da na ƙara wa mazagi ƙulli.

Ran kwana na ashirin da takwas abin ya zo da ƙarfi. Ina kwance a rumfa na ji bakina yana cewa, "Rabi, ɗan koko." Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta a cikin zane. Ta daɗe tana kallona.

Ta ce, "Saura goma sha biyu, Malam."

Ta kawo min ruwa da romo. Da abin ya lafa har na yaba mata, na ce ta yi hankali. Ka ji inda na kai matar nan. Mijinta yana rawar jiki yana roƙon koko, ita kuma tana ƙirga kwana.

Mako na biyar

Ran kwana na talatin da uku Juma'a ce. Ƙafa ta hana ni zuwa masallaci. Na sha ƙwayata da safe kamar kullum, naman ma ban iya ci ba don zuciyata tana tashi. Na tuna na ji kiran salla na farko. Daga nan ban san komai ba. Abin da zan faɗa yanzu daga bakin Yaya Hansai na ji shi, kuma na sa ta maimaita min har sau uku.

Rabi ta leƙo rumfa ta tarar da ni a jiƙe sharkaf, ina maganar da ba ta da kai, ina kiran sunan mahaifinmu da ya daɗe da rasuwa. Ta ƙwala wa Yaya kira ta kan katanga. Unguwa babu namiji ko ɗaya, duk suna masallaci, masu babur ma haka. Yaya ta ce iska ce, a kawo garwashi a yi hayaƙi.

Rabi ta ce, "Ba iska ba ce, Yaya. Ranar da aka fara ba shi maganin nan ina wurin. Nas ta ce in ya yi gumi yana rawa yana sambatu, sugansa ne ya faɗi, a ba shi zaƙi da sauri tun yana iya haɗiya."

Ta ɗauko sauran kokon safe, ta zuba sukari cokali huɗu, ta dama.

Yaya ta riƙe mata hannu ta ce, "Ke, kin manta? Kawo nan, ni zan ba shi."

Yaya ta tallafo kaina ta kai kofin bakina. Na datse haƙora. Ta matsa, na kai mata hannu, kofin ya faɗi, rabi ya zube. Ta sake gwadawa, na ture ta har ta bugu da ginshiƙin rumfa. Ta ce ina ta faɗin, "Ban san ki ba, ban san ki ba." Ta gwada da cokali, na kawar da kai. A nan idona ya fara juyewa, wuyana ya fara saki.

Rabi ta ce, "Ba ni, Yaya."

"Rabi, ita ce ta ƙarshe."

"Na sani. Ba ni."

Ta durƙusa ta ɗora kaina a cinyarta, ta ce, "Malam, ga kokonka." Yadda take faɗa kowace safiya shekara talatin da ɗaya. Yaya ta ce sai kawai na buɗe baki. Ta ba ni kaɗan kaɗan har ya ƙare, ta sake dama wani. Kafin a sauko daga masallaci na buɗe ido na tambayi me ya jiƙa min riga.

Kwana tara a gadon asibiti

Da aka sauko, maƙwabta suka samo mota. Kafin mu kai Bakori na sake sumewa. A Funtua aka ba ni gado nan take, aka sa min ƙarin ruwa mai suga. Kwana biyu ana ɗaga sugan yana sake faɗuwa. Ɗanmu Nasiru ya zo daga Kaduna a ranar, shi ya zauna da ni a ɗakin maza, shi ke kai ni bayi, shi ke goge min jiki.

Likitan da ya karɓe ni a wannan karo dattijo ne. Ya zauna a bakin gado ya ce in faɗa masa duk abin da na ci da abin da na sha a wata guda. Na faɗa. Sai ya ce, "Malam, ƙwayar nan ba ta san ka ci ko ba ka ci ba. Aikinta ta sauke suga. In ta tarar da shi ta sauke, in ba ta tarar ba ta sauke ka." Ya ce kumburin yatsa daga yawan nama da kayan ciki ne. Maganin kashe zafin da na yi ta sha da ƙarancin ruwa sun gajiyar da ƙodata, ƙoda kuma da ta gaji ta kasa fitar da ƙwayar sugan, sai ta taru a jikina. Ya ce wanda ya ba ni kokon nan shi ya kawo ni asibiti da rai, ba mai mota ba.

Na ce, "Wane koko?"

Nasiru ya sunkuyar da kai. Sai a lokacin na lura kwana uku ban ga Rabi ba. Abinci yana zuwa, faten wake da ganye, ɗan tuwon dawa kamar dunƙulen hannu yadda likita ya ce, kuma na san hannunta ne tun daga ƙamshi. Amma Yaya ce take shigo da shi.

Na ce, "Yaya, ina Rabi?"

Ta ce, "Tana waje gindin bishiya, wajen masu jinya. Can take dafa maka a kurfoti, can take kwana."

"Me ya hana ta shigowa?"

"Kai ka hana ta. Ka manta abin da ka faɗa?"

Ta ba ni labarin duka. Na juya fuskata bango. Ƙafata tana zogi, allura tana hannuna, amma ba su nake ji ba.

Zan faɗi godiya, zan kuma faɗi ƙorafi, don duka gaskiya ne. Akwai nas ɗin da take zuwa bayan kowane ɗan lokaci ta soki yatsana ta gwada, ko sau ɗaya ba ta ɗaure min fuska ba. Direban da ya kawo ni ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Allah ya saka musu. Amma komai sai an fita waje an sayo, har safar hannu da auduga. Gwajin ƙoda sai da aka kai jinina wani wuri a cikin gari, muka jira sakamako kwana uku, likita yana jira, mu muna jira. Kuma da likitan farko ya samu minti biyu ya tambaye ni me nake ci, wataƙila da na faɗa. Wataƙila kuma da na yi ƙarya, ban sani ba. Kafin a sallame ni sai da bijimin huɗata ɗaya ya tafi kasuwa. Alhaji Mati ya zo dubiya da ledar lemu, ya ce ai bai san ina haɗawa da ƙwaya ba. Na ce ai ka tambaye ni, na ce ina haɗiya. Ya ce ya ɗauka zan daina. Ban ƙara masa ba, don ba shi ya buɗe min baki ba.

'Yan dubiya kuwa yanzu sun bar maganar ƙafa sun koma maganar aure. Kowa ya matso kusa da kunnena sai ya ce abu ɗaya: "In an je gaban Liman ka ce ba ka cikin hayyacinka. Ka ce yunwa da ciwo suka juya maka kai."

Bayan sallama

An sallame ni da sabon magani, da sharaɗin in riƙa cin komai daidai gwargwado, in koma duk wata a duba ƙoda. Ba ta dawo yadda take ba, amma likita ya ce in na kiyaye za ta riƙe ni. Gidan Yaya Hansai aka wuce da ni, Rabi ta koma ɗakinta.

Bayan kwana huɗu muka zauna a zauren Limamin unguwarmu: ni, Yaya, Nasiru, da Malam Iro yayan Rabi, wanda ya zo daga Danja. Rabi tana daga cikin gida, bayan ƙyaure, tana jin komai. Liman ya sa Yaya ta maimaita lafazin da na yi. Ta maimaita, tana ta sassauta shi. Ya juyo gare ni.

Ya ce, "Malam Hamisu, tambaya ɗaya ce, kuma Allah yana jin amsar. Lokacin da ka faɗi maganar nan, fushi ya gusar maka da hankali har ba ka san me kake faɗa ba?"

Yaya ta taka min lafiyayyar ƙafar. Nasiru yana kallona. Da na ce e, babu wanda zai ƙaryata ni a wurin, har Malam Iro.

Na ce, "Allah gafarta Malam, na yi fushi, amma na san abin da nake faɗa. Har kwanakin da suka rage sai da na ƙirga mata. An tuna min saura nawa, na ce na sani."

Yaya ta ce, "Hamisu, kai dai ba ka taɓa sauƙaƙa wa kowa ba, har kanka."

Nasiru ya ce ya tambayi wani malami a Kaduna, ya ce masa akwai malaman da suke ɗaukar irin wannan a matsayin rantsuwa, kaffara ta wadatar. Liman ya ce ya san da wannan magana, amma ba ita malamansa suka karantar da shi ba, kuma ba zai ɗauki nauyin abin da bai gamsu da shi ba. Ya ce a wurinsa saki ya auku, amma ba ya hana mu zuwa gaba. Ni ba malami ba ne, ba zan ce ga mai gaskiya ba. Ina shirin cewa mu je gaba ɗin, sai muryar Rabi ta fito daga bayan ƙyaure.

Ta ce, "Allah gafarta Malam, a bar shi haka. Ba zan iya zaman da kullum zan kwanta ina tambayar kaina halal ne ko haram ba. Da na ɗauki kofin nan na san me na ɗauka."

A haka muka tashi.

Ta yi iddarta a ɗakinta, ni ina gidan Yaya. Wata uku abincina yana tsallako katanga sau uku a rana, a kan lokaci, daidai awon da likita ya faɗa. A kansa na murmure, na ajiye sanda, na koma gona.

Ga abin da nake so mai ciwo irin nawa ya riƙe. Ban ce nama guba ba ne, Alhaji Mati yana nan da ransa. Amma in kana shan maganin suga, kada ka canza cimarka sai wanda ya rubuta maka maganin ya sani. In ka shiga wajen likita, faɗa masa har abin da kake jin kunyar faɗa. Ka koya wa mutanen gidanka alamar faɗuwar suga, ka kuma sakar musu hannu su cece ka. Ni ɗaure nasu na yi. Magidanci kuma, duk dokar da zai kafa a gidansa, kada ya rataye ta a igiyar aure.

Ranar da idda ta cika ana ta shigo da masara daga gona. Malam Iro ya zo da mota. Na tsaya a ƙofar gida ana fitar da kayanta. Da ta fito ta tsaya nesa kaɗan, ta gaishe ni, ta tambayi ƙafa. Ta ce ta nuna wa Yaya kwanon da take auna min gari da shi, kuma maganin safe bayan na karya ne, ba kafin ba.

Na ce, "Rabi, ki yafe min."

Ta ce, "Na yafe tun a asibiti, Malam."

Akwai abin da ya daɗe yana cina, na ga in ban tambaya a ranar ba, ba zan ƙara samun dama ba. Na ce, "Saura kwana bakwai fa a lokacin. Me ya sa ba ki bar Yaya ta ci gaba da gwadawa ba? Ko ki jira a sauko daga masallaci?"

Ta gyara mayafinta. Ta ce, "Na ga idonka ya juye. Sai na duba na ga ko ta yaya zaman ɗaki ya kama ni, ko idda ko takaba. Na zaɓi idda."

Ta shiga mota.

Wanda ya karanta wannan har ya ji zai yi min addu'a, ina roƙonsa ya fara da ita.